An Hau da Inna Hawa na Shida

An kai Inna hawa na shida a kan kujerar katako, ƙafarta ba ta taɓa matakala ba, kuma waɗanda suka ɗauke ta 'ya'yanta ne maza biyu da suka kusa shekara ashirin ba sa magana da juna. Ba su yi magana a hanya ba. Ba su yi ba bayan sun sauke ta. Mutum arba'in da wani abu ne suka ga hawan, manya da yara, kuma duk wanda aka tambaya daga baya abu ɗaya yake fara faɗa: bai taɓa jin dangin nan sun yi shiru irin na ranar ba.

Abin ya faru ne a ranar farko ta hutun ƙarshen shekara, a ginin da Auta take haya, wani dogon bene mai lifta ɗaya da matakala ɗaya a bayan tashar mota. Auta ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ƙarama cikin 'ya'yan Inna huɗu. Gidanta ɗaki ɗaya ne da falo, sai kicin da mutum biyu ba sa giftawa a ciki sai ɗaya ya matse cikinsa, da 'yar baranda inda take shanya.

A da ba a shawarar inda za a taru. Akwai tsohon gida, mai tsakar gida kamar filin ƙwallo, kuma duk hutun ƙarshen shekara can kowa yake kwasar iyalinsa ya nufa. Bara aikin faɗaɗa titi ya bi ta kansa. Inna ta koma wurin babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi. Da aka zo maganar taron bana, Inna ce ta yanke.

"Gidan Auta za a yi."

"Inna, gidan nawa ko akuya biyu ba zai ɗauka ba," in ji Auta.

"Ai ba akuya za ki gayyata ba. Shekara uku kina can sama kamar jemage, ban taɓa ganin inda kike ajiye haƙarƙarinki ba."

Auta ta ja musu don sabo, amma a ranta abin da take so ke nan. Tun da ta tare take son uwarta ta shigo ɗakin nan ta zauna, ko sau ɗaya, ta ga labulen da ta zaɓa, ta kushe shi ma in ta ga dama. Ba a samu hali ba. An yi wa Inna aikin ƙashin ƙugu, likita ya hana a goya ta, ya hana a lanƙwasa ta, sai dai keken marasa lafiya. Kuma Auta tana ganin tsofaffi kullum a wurin aiki. Ta san yadda hannun Inna ya koma a 'yan watannin nan, ba ta buƙatar a gaya mata cewa irin wannan hutun ba lallai ne ya rage da yawa ba.

Ƙanƙantar gidan ba ita ce babbar damuwarta ba. Yayyenta ne.

Yaya Dogo shi ne babba, Yaya Guntu ke bi masa. Tun suna samari aikinsu ɗaya: kwashe wa masu tashi daga gida kaya. Gado, firij, kabad, duk abin da aka ce ba zai bi ta ƙofa ba, su ake kira. Dogo yana ƙasa a matakala saboda tsawonsa, Guntu yana sama yana tafiya da baya. Wata rana suna hawa da wani akwatin ƙarfe irin na ofis, ya suɓuce. Ya danne hannun hagun Dogo a jikin bango, ya raba shi da yatsu biyu. Babu na uku a wurin. Da Guntu ya je asibiti, Dogo ya juya fuskarsa bango. Guntu ya tsaya a bakin gado har ƙafarsa ta gaji, ya fita. Daga nan shi ke nan. Dogo bai taɓa cewa ƙanensa ne ya saki ba. Guntu bai taɓa cewa yayansa ne ya juya ba tare da sanarwa ba. Dogo ya buɗe shagon sayar da fenti, Guntu ya koma tuƙin motar kaya.

Tsohon gidan yana da faɗin da mutum biyu za su yi shekaru suna cin girki ɗaya ba su haɗa ido ba. Dogo yakan zauna a ɗakin ƙofar gida, Guntu a gindin bishiyar da ke baya. Kowa ya shiga ya gaida Inna a lokacinsa. Matansu suna gaisawa, 'ya'yansu suna wasa tare, dangi suka saba har suka daina gani.

A falon Auta babu baya, babu gaba. Don haka ta tsara taron yadda ta iya, wato yadda ake tsara lokacin duba marasa lafiya. Yaya Dogo da mutanensa su zo da hantsi su tashi bayan azahar. A share, a wanke kwanuka. Yaya Guntu da nasa su zo bayan la'asar. Inna kuwa a kawo ta tun da safe ta wuni a kujera ɗaya, kowane rukuni ya same ta.

"To in wani ya wuce lokacinsa fa?" mijinta ya tambaya. "Ƙararrawa za ki kaɗa masa?"

"Kai dai ɗaga gadon nan."

Suka jingine gadon a tsaye jikin bango. Suka cire ƙyauren ɗakin kwana, suka ɗora shi a kan bokitan fenti huɗu da aka aro daga shagon Dogo, ya zama teburin abinci. Kujerun falo suka koma baranda, ɗaya a kan ɗaya. Tukwanen shinkafa da kaza suka samu masauki a bahon wanka, lemo ya shiga bokitin ƙanƙara a ƙarƙashin famfon wanke hannu. Maƙwabciyarta ta bakin matakala ta ba da tabarmi uku da kujerar katako ɗaya, ta ce a yi mata a hankali da ita, ta uwarta ce.

Liftar ta mutu da hantsi, tsakanin hawa na biyu da na uku, da mijin Auta a ciki rungume da tukunyar miya. Mai gadi ya ɓanɓare ƙofar da ƙarfe, aka fara zaro tukunyar, sannan aka zaro mijin. An kira mai gyara, ya ce yana garinsu hutu.

Mutanen Dogo suka hau da ƙafa suna haki, suka jera takalmansu a baranda ta waje har layin ya wuce ƙofar maƙwabta. Aka zauna ana jiran Inna. Auta tana kiran wayar Malama don ta gaya mata maganar lifta, ba a ɗauka. Malama ta ce daga baya wayar tana cikin jakar Inna, kuma Inna ta sake mayafi sau uku, ta nemi a ƙara mata shayi, sannan ta ce a bari rana ta ɗan yi sanyi. Inna ta ce ita ba ta san an yi haka ba.

Azahar ta wuce. Yara suka ci, manya suka ce sai Inna ta zo. Da Dogo ya ga lokacinsa ya ƙare, ya miƙe ya ce zai jira ta a ƙasa ya gaishe ta ya wuce. Auta ta bi shi.

Suna kaiwa ƙasa motar Malama tana tsayawa. Ba a gama fito da keken Inna ba, wata farar bas ta faka a bayanta. Guntu ne da iyalinsa, sun zo da wuri saboda matarsa ta ce a zo a taya Auta wanke-wanke.

Harabar ginin ba ta fi falon Auta da komai ba. Akwatunan wasiƙa a bango ɗaya, teburin mai gadi a ɗaya, ƙofar lifta a wangale da duhu a ciki. Aka turo Inna tsakiya. Dogo ya durƙusa ya gaishe ta daga dama. Guntu ya durƙusa daga hagu. Kowanne ya miƙe ya samu abin kallo: Dogo akwatunan wasiƙa, Guntu kalandar mai gadi.

Auta ta sunkuya kusa da kunnen uwarta.

"Inna, liftar ta lalace. Tun safe nake neman Yaya Malama. Mu koma can gidan, yanzu zan sa a sauko da abincin."

"Na zo har ƙofar gidanki, ki ce in juya?"

"Hawa shida ne, Inna."

"Na ji. Ai ba kurma ba ce ni."

Jikokinta biyu suka matso, babban ɗan Dogo mai gyaran waya da babban ɗan Guntu mai aikin walda, dukansu majiya ƙarfi.

"Amarya, kwantar da hankalinki," in ji mai gyaran waya. "Ga angwayenki biyu. Da keken za mu ɗaga ki."

"Kai da ko buhun gawayi ba ka taɓa ɗauka ba."

"Ke ɗin kin kai rabin buhu ne?"

Suka kama, ɗaya gaba ɗaya baya. Layin farko na matakalar ya tafi daidai. A kwanar farko tayar keken ta juya a hannun mai walda, ƙafar keken ta kama ƙarfen dafawa, kujerar ta karkace. Inna ba ta yi ƙara ba. Numfashi kawai ta ja ta haƙoranta, ta runtse ido, amma Auta ta san wannan numfashin.

"Ku sauke ta. A hankali. Ku dawo da ita ƙasa."

Suka dawo da ita, gumi yana zuba musu. Babu wanda ya sake tsokana. Labari ya kai sama, mutanen Dogo suka fara saukowa suna leƙe daga kan matakala. Inna ta buɗe ido ta dubi ƙofar titi, inda motar Malama take. Auta ta ga ta duba, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Mai gadi ya ce shi abin da ya fara gani shi ne Guntu yana kwance agogonsa. Ya miƙa wa matarsa ba tare da ya dube ta ba. A daidai lokacin Dogo ya tuɓe takalmansa ya tura su ƙarƙashin tebur da ƙafa. Guntu ya tuɓe nasa. Babu wanda ya kalli ɗan'uwansa.

"Akwai kujerar katako a gidan?" Guntu ya tambayi Auta. "Mai jingina. Ba ta roba ba."

"Akwai ta maƙwabciyata."

"A sauko da ita."

"A ba ni zannuwa uku," in ji Dogo, yana fuskantar bango. "Masu ƙwari. Da matashi ɗaya."

Mata suka buɗe jakunkuna. Kafin kujerar ta iso, Guntu ya hau matakalar shi kaɗai. A kowace kwana yakan tsaya ya buɗe hannuwansa daga bango zuwa ƙarfen dafawa, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya wuce. Dogo bai hau ba. Ya tsaya a ƙasa yana kallon sama ta ramin da ke tsakiyar matakalar, inda ake hango ƙarafan dafawa suna zagayawa har ƙarshen gini, yana bin hannun ƙanensa da ido daga hawa zuwa hawa. A tsakanin na huɗu da na biyar hannun ya daɗe a wuri ɗaya. Dogo ya gyaɗa kai, shi kaɗai.

Da kujerar ta zo, Guntu ya kife ta, ya girgiza ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye. Dogo ya ɗauka ya sake girgiza ƙafar baya ta hagu, ya ciro wani ɗan tsinken katako daga aljihu ya cusa a mahaɗar, ya buga da tafin hannu. Auta da Malama suka mayar da Inna kan kujerar, aka sa mata matashi a gefen da aka yi aikin. Dogo ya ɗaure ta da zane ɗaya a ƙirji. Na biyu ya murɗe shi ya zama kamar igiya, ya zura ta ƙarƙashin mazaunin kujerar ta gaba, ya rataya a wuyansa. Na ukun ya ajiye a ƙasa, a tsakiya. Guntu ya sunkuya ya ɗauka, ya zura shi ta bayan kujerar, ya rataya a nasa wuyan.

"Kowa ya sauka daga matakala," in ji Guntu. "Wanda ke sama ya shige lungun ƙofofi. A riƙe yara."

"Yaya, hannunka," Auta ta ce wa Dogo a hankali.

"Matsa, Auta."

Guntu ya tsaya a bayan kujerar, bayansa ga matakala. Dogo ya durƙusa a gaban uwarsa ya kama ƙafafun gaba, dama da yatsu biyar, hagu da uku. Mutane suna jira su ji an ƙirga, ko an ce a ɗaga. Ba a ce komai ba. Kujerar kawai ta tashi, gaba da baya lokaci ɗaya, kamar ruwa ne ya taso daga ƙarƙashinta.

Tsarin aikin a bayyane yake ga mai kallo. Guntu yana hawa da baya, ba ya ganin inda yake sa ƙafa. Dogo ne ke ganin hanya ta saman kafaɗar Inna. Shi kuma Dogo duk nauyin a kansa zai sauko in na sama ya yi sake. Don kada kujerar ta karkata, Guntu yana tafiya a duƙe, hannuwansa a wajen gwiwa, Dogo kuma ya ɗaga nasa ɓangaren har ƙirji. Inna tana zaune a miƙe kamar a falonta, hannuwanta a cinya.

A kwanar da ta gagari samarin, kujerar ba ta tsaya ba. Guntu ya ja ƙafa ɗaya gefe, Dogo ya ba da rabin taki, ta juya ta wuce, tazarar da ke tsakaninta da bango ba ta fi kaurin yatsa ba. Bangon nan duk tabo ne na firij da gadaje da suka bi ta wurin. Mai gadi ya je ya duba washegari, ya ce bai samu sabo ko ɗaya ba.

Dangi suna biye a baya, an bar tazarar layi guda. Wasu suna sama, a maƙale a bakin ƙofofin mutane. Maƙwabta suka buɗe ƙofa don su ga abin da ya sa hayaniyar ɗazu ta ɗauke, suka tsaya a inda suke. Abin da ake ji kawai tafin ƙafa huɗu a kan siminti, da numfashin mutum biyu da ya koma ɗaya. Wata jaririya ta fara kuka a hawa na uku, uwarta ta sa mata nono.

Mai walda, wanda yake gaba cikin masu bi, ya ce ya zuba ido ya ga inda suke ba juna alama, bai gani ba. Ba ido, don Inna ta tare tsakaninsu. Ba baki. Sau ɗaya ya ga akwai ɓallen siminti a bakin wani taki a bayan ubansa, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ƙafar uban ta tsallake wurin tun kafin ta kai.

Tsakanin hawa na huɗu da na biyar akwai akwatin kashe gobara a manne da bango, ya cinye kusan rabin kwanar. Kujera ba za ta wuce ta nan a tsayin da suke ba. Suka tsaya, karo na farko. Sannan kujerar ta fara yin sama. Guntu ya miƙe daga duƙen da yake, ya kai ta ƙirji. Dogo ya kai ta kafaɗa, ya wuce da ita saman kansa. Suka karkata da ita waje, ta haye ƙarfen dafawa, rabin kujerar ya fita sararin ramin matakalar. Waɗanda ke ƙasa suka ɗaga kai suka ga ƙarƙashin kujera, da tafin ƙafafun Inna cikin safa, da gefen mayafinta yana lilo, babu komai tsakaninta da simintin haraba sai iska. Malama ta kama hannun Auta. Mai gadi ya cire hularsa, ya ce bai san lokacin da ya cire ba.

A nan hannun hagun Dogo ya zame.

Shaidu sun sha bamban a kan abin da ya biyo baya. Mai gyaran waya ya ce ya ga yatsu ukun ubansa sun sulale daga ƙafar kujerar saboda gumi, kusurwar ta yi ƙasa kaɗan. Mai walda ya ce ba ta yi ƙasa ba ko kaɗan, domin kafin hannun ya bar katakon, nasa uban ya riga ya jefa bayansa jikin bango, ya ja zanen da wuyansa, ya karɓe nauyin. Abin da suka yarda a kai shi ne, an ɗauki ɗan lokaci kujerar tana tsaye a sarari da hannu uku. Jijiyoyin wuyan Guntu sun fito kamar igiyoyi. Bai yi gaggawa ba, bai leƙo ba. Dogo ya goge tafin hagunsa a gaban rigarsa, ciki da baya, ya mayar ya kama. Kujerar ta ƙarasa juyawa, ta dawo cikin matakala, ta sauko tsayinta na da.

Inna ba ta duba ƙasa ba. Fuskar babban ɗanta take kallo, wadda a lokacin take daidai gwiwarta.

Sauran hawan bai ɗauki lokaci ba. Aka kwashe takalma daga hanya da ƙafa, Auta ta ruga ta buɗe ƙofa. Suka shiga da ita falon, suka wuce teburin ƙyaure, suka kai ta gaban taga. Ƙafafun kujerar huɗu suka taɓa ƙasa tare, ba a ji ƙararsu ba.

Daga nan mutane suka shigo, rukunin hantsi da rukunin la'asar gaba ɗaya. Aka cika tabarmi, aka cika ɗakin kwana, aka zauna a bakin kicin da bakin banɗaki. Yara suka hau cinyoyin da suka samu, ba tare da duba ta wace ce ba. Ƙofar gidan zuwa ciki take buɗewa, kuma da na ƙarshe ya shigo ya zauna a bayanta, fita ta zama sai an tashi mutum goma. Dogo da Guntu suna can ƙurya inda suka sauke kaya. Dogo ya dubi ƙofa, ya dubi kawunan da ke tsakani. Ya zame ya zauna a ƙasa, a dama da kujerar. Guntu ya zauna a hagu. Rigunansu sun jiƙe sharkaf.

Auta ta kwance zanen da ke ƙirjin uwarta, ta zuge labule.

Inna ta daɗe tana kallo. Ba ta taɓa hawa sama da bene ɗaya ba a rayuwarta. Ga rufin tashar mota, ga motoci kamar ƙwaro, ga layin dogo ya miƙe har inda gari ya ƙare, bayansa filaye. Wani garken tantabaru ya taso daga rufin tashar, ya zagayo ta ƙarƙashin tagar.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Tsuntsayen nan a ƙasa da mu suke?"

"A ƙasa suke."

"Ikon Allah. Shekara tamanin cikinsu kawai nake gani. Ashe haka bayansu yake." Ta bi su da ido har suka sauka. Sannan ta taɓa labulen, ta murza shi tsakanin yatsu. "Wannan kuma wa ya zaɓa miki? Kamar zanen katifa."

Aka yi dariya, falon ya dawo da hayaniyarsa. Abinci ya fara fitowa daga banɗaki hannu zuwa hannu, ta saman kawuna. Farantai ba su isa ba, domin an tanade su ne don rabin mutanen, sai aka koma ci uku-uku, huɗu-huɗu. Tire ɗaya ya isa ƙuryar taga. Auta ta ɗora shi a ƙasa a gaban Inna, ta zuba mata nata a ƙaramin kwano. Dogo ya ci daga gefensa, Guntu daga nasa. Cinyar kaza ɗaya ta rage a tsakiya har aka ɗauke tiren.

Mai gyaran waya ya leƙo ta saman kafaɗar wani.

"Amarya, ba ki ji tsoro ba? Mu da muke ƙasa hanjinmu ya kaɗa."

"Tsoron me? Surutu dai ya dame ni."

"Wane surutu? Ko tari ba wanda ya yi."

"Ku ne ba ku ji ba. Tun daga ƙasa har sama bakinsu bai huta ba." Ta dafa hannun kujerar. "Ta cikin katakon nan yake bi. Wannan ya matsa, wancan ya amsa. Wancan ya murɗa, wannan ya ce ya ji. Duk ta bayana yake wucewa."

Dogo yana kallon tafin hannunsa. Guntu yana kallon ƙafar teburin.

"Me suke cewa, Inna?" Malama ta tambaya.

"Ba ni aka aika ba."

Da magariba ta kawo jiki aka fara tashi, daga bakin ƙofa zuwa ciki, kamar yadda ake sauke kaya daga mota. Kafin layi ya zo kan na ƙurya, Inna ta ce ita ba inda za ta, ta gaji, a nan za ta kwana. Aka sauke gadon daga jikin bango. Guntu ya yi mata sallama ya fita. Dogo ya jira har ƙarar bas ɗin ta bar ƙofar gini, sannan ya sauka.

Inna tana hawa na shida har yanzu. Takan sa a ja mata kujera gaban taga tun da safe. Mai gyaran lifta ya dawo daga hutu ya duba, ya ce abin da ya ƙone sai an yi odarsa, ba zai zo ba sai wata mai kamawa. Ranar komawarta wurin likitan ƙashi jibi ce, kuma rana ce da ba a ɗagewa. Jikokin biyu sun ce yanzu sun ga yadda ake yi, Inna ta ce su je su gwada da firij tukuna.

Auta ta kira yayyenta, kowa daban. Yaya Dogo ya saurara har ta gama, ya ce ya ji. Yaya Guntu ya tambaya ƙarfe nawa ne, ta gaya masa, ya ce yana da lodi a ranar, zai duba. Zuwa yammacin jiya babu wanda ya ce zai zo, babu kuma wanda ya ce ba zai zo ba.